Marigol: mu ado muke gani, Indiyawa gona suke gani

Marigol, furen nan mai ruwan ɗorawa ko ruwan lemo da ake jerawa a bakin hanyar shiga ofisoshi da makarantu, a wajenmu ado ne kawai. Wani ya watsa iri, ya fito, ya yi kyau, in ya bushe a tuge a yar. A nan Indiya kuwa gona guda ake ware masa, ana yi masa lissafin lokaci kamar yadda mai albasa ke yi. Genda suke ce masa.

Ba ma ɗan ƙasar ba ne. Asalinsa Meziko, inda mutanen Aztek suka daɗe suna nomansa, har yau kuma da shi ake ƙawata kaburbura a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba. Daga ƙarni na 16 jiragen ruwan Turawa suka bazu da shi. Dangi ɗaya yake da latas da shuwaka.

Nomansa ba wuya, sai dai yana son a sa masa ido. Ana yayyafa irin a fangali, cikin mako guda ya tsiro, bayan kamar wata ɗaya a cire a dasa da 'yar tazara. Rana yake so sosai, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, domin in ruwa ya zauna a gindinsa saiwar ruɓewa take. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsinke kai. Kamar wata guda da dashe, manomi zai bi layi yana sa babban yatsa da manuni yana tsinke tohon saman kowane tsiro. Baƙo ya gani sai ya ce ɓarna ce. Amma tsiron da aka tsinke wa kai rassa yake fitarwa ta gefe, kowane reshe da furensa, wanda aka bari kuwa sai ya zunduma sama da 'yan furanni kaɗan. Da sanyin safiya ake tsinkar furen, a zuba a buhu, gari na wayewa ya isa kasuwa irin ta Mallik Ghat da ke gindin gadar Howrah a Kolkata, inda ake tsira shi a zare. Har cibiyar binciken noma ta ƙasa da ke Delhi ta fitar da nata irin, Pusa Narangi da Pusa Basanti.

To, gaskiya ita ce wannan kasuwa ba ta kwaikwayuwa. Bukukuwa irin su Diwali da wuraren bautarsu da ɗaurin aurensu ne ke lamushe furen, kuma mu ba mu da wannan. Wanda ya cika gona da marigol a gida yana jiran masu sayen fure, asara zai tafka.

Abin da nake ganin mun yi sakaci da shi aikinsa ne a gonar tumatir. Masu bincike a birnin Bangalor na Indiya suna ba da shawarar a sa layi 1 na marigol bayan kowane layi 16 na tumatir. Malam-buɗe-littafin da tsutsarsa ke huda tumatir ya fi son zuba ƙwai a kan furen, sai feshi ya ragu. Dabarar ita ce a riga reno marigol ɗin, don ya yi fure daidai da lokacin da tumatir ke nasa. Akwai kuma lutin, wani sinadarin launi da ake tatsa daga furen, ana sawa a abincin kaji don gwaiduwa ta yi launi, wannan dai sai da masana'anta.

Saiwarsa ma tana fitar da wani sinadari da ke rage ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir da barkono ta yi ƙulu-ƙulu. A nan ne masu yaɗa labarin a intanet ke zuzutawa. Tsiro biyar a gefen kunya ba abin da za su yi. Sai an cika filin da shi, a bar shi ya yi aƙalla wata biyu, sannan a cire a dasa tumatir a wurin.