Ƙannena ɗaliban aikin gona, littafin gonar gwaji amana ne

Assalamu alaikum ƙannena masu karatun aikin gona a Samaru da Mando da Afaka. Damina ta zauna, 'yan ajin ƙarshe an yanka wa kowa fulotinsa, an ce a fara furojet, wato aikin binciken kammala karatu. Tun masararku ba ta kai gwiwa ba nake so in roƙe ku abu guda: duk lambar da za ta shiga littafin gonarka, kada ka rubuta ta sai ka je ka auna da hannunka.

A makarantar da na yi karatu akwai abokina da muke ɗaki ɗaya. An ba shi gwajin takin yuriya a kan masara: awo huɗu daban-daban har da wanda ba a sa masa komai, kowane a maimaita sau uku, fuloti 12 ke nan. Aikinsa duk mako biyu ya shiga kunyoyin tsakiya, ya auna tsayin kara biyar da ya ɗaura wa ƙyalle, ya ƙirga ganye. Sau biyu ya je. Daga nan sai taɓo, sai sammako, sai jarrabawa ta matso. A kan katifa ya cike sauran jadawalin, ina kallonsa da idona, ban ce masa uffan ba. Wannan shirun yana damuna har yau, shi ya sa nake muku magana.

Ranar da ya tsaya kare aikin, malamin da ke duba shi ya daɗe yana kallon takardar. Sai ya sa yatsa a kan fuloti na tara ya ce, "Wannan ba shi ne na gangare ba, wanda ruwa ya kwanta masa a Agusta? Ni na wuce na ga ganyensa ya yi ɗorawa. Yaya aka yi ya fi kowa tsayi?" Abokina ya kasa ɗaga kai. Shekara guda cur ya maimaita, mahaifinsa ya sake sayar da hatsi ya biya masa. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma ƙasa ba ta iya tafiya daidai wa daida irin yadda mai ƙirƙira yake jera lambobinsa.

Amma ba tsoron kamu nake so ya hana ku ba. Ku dubi inda lambar take zuwa. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, shekara 40 kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Irin masarar da ake kira SAMMAZ, da dawa SAMSORG, da gyaɗa SAMNUT, da wake SAMPEA, da auduga SAMCOT, babu wanda ya faɗo daga sama. Kowane sai an gwada shi a gonar cibiyar bincike, an kai shi garuruwa masu ƙasa da ruwa daban-daban, an sa shi a gonakin manoma, sannan kwamitin ƙasa ya yarda a sake shi. Waken SAMPEA 20-T da aka saki a ƙarshen 2019, mai jure tsutsar da ke huda fure da kwanso, kusan shekara 10 aka yi ana gwajinsa. Kazar Shika Brown ma haka, wasu ne suka yi ta ƙirga ƙwai suna ɗora kaji a sikeli a Shika shekara da shekaru. A ce ɗaya daga cikinsu ya zauna a inuwa ya ƙago, wa zai kwana a ciki? Manomin Soba ko Giwa ko Saminaka da ya ci bashi ya sayi buhun kamfa saboda malamin gona ya ce masa an gwada an gani.

Malamin gonar nan kuwa ku ne gobe. A 2016 tsutsa ta cinye tumatir a jihar Kaduna har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. A 2023 cuta ta ruɓar da citta a Kachia da Jaba da Kagarko, mutane suka rasa har irin da za su shuka. Irin wannan rana in ta zo, wanda ya saba tsugunawa ya juya bayan ganye ya duba shi ake nema.

Na san da yawanku likitanci ko haɗa magunguna kuka nema, aka turo ku nan, har wani yana jin nauyin a gan shi da takalmin roba a bakin geti. Ka cire wannan daga ranka. Kuma ka girmama dattawan leburorin gonar makaranta. Ka gaishe su, ka ce Baba, ka tambaye su. Sun san kusurwar da wuta-wuta take fitowa duk shekara da inda gara take, abin da babu shi a takardar lakca.

Wani zai ce to in gwajin ya lalace fa? Ka rubuta cewa ya lalace. Awaki sun shiga fuloti na huɗu ranar kaza, ruwa ya ɗauke kwana kaza lokacin da masara take goyo, takin bai nuna bambanci ba. Duk wannan sakamako ne, kuma akwai hanyar lissafi ta fulotin da aka rasa, malaminka zai nuna maka in ka je masa da wuri. Haka mai shagon kwamfuta da ke cewa ka kawo kuɗi ya haɗa maka babi na huɗu, wato babin sakamakon gwaji, ka bar shi ya buga maka abin da ka kawo kawai.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar Asuba, kafin lakcar ƙarfe takwas, ka ɗauki ma'auninka ka sauka gona. Ka tafi da fensir, domin biro yana zuba in raɓa ta jiƙa takarda. Ka sa kwanan wata a saman shafi kafin ka taɓa karan farko.