Gaɓar Gberefu Ba Wurin Ɗaga Kofi Ba Ce

Assalamu alaikum jama'ar Ikko. Sati biyu ke nan maganar abin da na gani a gaɓar Gberefu ta Badagry tana ci mini rai, yau dai na ce bari in amayar da ita.

Waɗanda suka san ni a Agege sun san sana'ata fawa ce, gadon gida. To wani kamfani mai shirya wa masu hannu da shuni yawon shaƙatawa ya ɗauke ni da yarona mu yi musu gashi a cikin jirgin ruwa. Daga Ikoyi aka tashi da hantsi, aka ratsa ta Apapa da Tin Can, sannan jirgi ya miƙa yamma ta rafin nan da ke bin bayan teku har Badagry. Gaskiya ɗaya ce, ba su wulaƙanta ni ba. Sun biya ni tun kafin in hura gawayi, kuma da azahar ta yi an nuna mana wuri mai tsafta muka yi sallah.

Abinci kam ba a magana. Jatan lande manya-manya, ƙaguwa, gasasshen kifi, ga tsirena da balangu a gefe ana ta yabon yaji. Amma abin da ya tara su shi ne giyar inabi. Kwalabe ne jere cikin bokitan ƙanƙara, wannan daga Faransa, wancan daga Italiya, wancan daga Afirka ta Kudu. Akwai mutum guda mai farar safar hannu, aikinsa kawai ya ɗiga kaɗan a kofi, mai sha ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa, sannan a gaya masa shekarar da aka tsinke inabin da irin naman da ya dace da ita. Na san wani zai ce, "Malam, me ya kai ka?" Na karɓi wannan gyaran. Nama kawai na taɓa, amma ba zan sake ba. Sai dai ba hukuncin barasa ne ya sa ni rubutu ba, wannan malamai sun gama bayaninsa tun kafin a haife mu.

Wajen la'asar muka iso daura da Badagry. Gari na hannun dama, a hagu kuma tsibirin Gberefu da itatuwan kwakwa. Mai sanarwa ya ɗauki makirufo ya ce nan ne ake fitar da bayi, nan ne wurin da in an wuce ba a dawowa. Aka rage kiɗa. Aka ɗaga wayoyi aka yi hotuna. Ban jin an cika minti biyu, sai ya ce kowa ya ɗaga kofinsa don tunawa da tarihi. Kofuna suka yi ƙara, kiɗa ya dawo, aka kawo zagaye na gaba.

Yarona yana juya tsire ya dube ni ya ce, "Maigida, su wa aka fitar ta nan?" Wallahi na buɗe baki na rasa amsar da za ta gamsar da shi. Shekara ashirin da wani abu ina Legas, ban taɓa taka wurin ba.

Shi ya sa ranar Talata na rufe tukuba, na kama shi muka hau mota daga Mile 2, ta Okokomaiko da Agbara, har Badagry. Mun shiga gidan tarihin iyalan Mobee, aka miƙo mini sarƙar wuya ta ainihi. Da hannu biyu na riƙe ta, ni da nake saɓa cinyar saniya a kafaɗa, amma sai da na ji nauyinta har cikin ƙirjina. Akwai ƙaramin mari da aka ce na yara ne. Mun shiga kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, ɗakuna ƙanana masu 'yar taga can sama, wanda in da awaki na zuba a ciki da sai an ce ba ni da imani. Daga nan muka shiga kwale-kwale muka tsallaka Gberefu, muka taka yashi da ƙafa cikin rana. A hanya akwai rijiyar da ake cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Da muka ɓulla bakin teku, ba komai sai igiyar ruwa tana dukan gaɓa. Yarona bai ce uffan ba har muka juyo.

Yanzu ga amsar tambayarsa, kuma ita ce ta hana ni barci. Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa, daga Wida zuwa Porto-Novo na ƙasar Benin ta yau zuwa Badagry zuwa Ikko, akwai Hausawa da yawa. Bayan jihadi ya tashi a 1804, fursunonin yaƙi daga ɓangarorin biyu sun yi ta gangarowa kudu hannu zuwa hannu, ta ƙasar Nufe da Oyo, har bakin ruwa. Da yawansu jihar Bahiya ta ƙasar Birazil aka kai su. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a Salvador, babban birnin Bahiya. A 1814 suka tashi da gaske. A Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, bayi Musulmi suka yi babban boren da ake kira na Male, akasarinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da ayoyin Alƙur'ani rubuce da hannu. Mutanen da suka yi karatun allo ne kamar ni da kai. Birazil ba ta haramta bauta ba sai 1888.

Da me ake sayen su? Da taba ta Bahiya, da yadi, da bindiga, da kuɗin wuri, da barasa. Barasa tana cikin kuɗin da aka sayi mutum da shi a kan wannan yashin. To a zo a tsaya daidai nan a ɗaga kofin giya a ce wai tunawa ake? Ko wanda addininsa bai hana shi sha ba, in ya san wannan, ya kamata hannunsa ya yi masa nauyi. Ba wanda zai shimfiɗa teburin walima a bakin maƙabartar Agege ya ce girmama mamata yake yi.

Ba hassada nake wa masu kuɗi ba. Mutum ya nemi halalinsa, ya ci mai kyau, ya sha iskar teku da iyalinsa, ga Ilashe ga Tarkwa Bay, ruwa bai ƙare ba. Kuma na ga amfanin baƙi ga mutanen Badagry da idona: mai kwale-kwale, mai kwakwa, matasan da ke zagayawa da mutane suna bayani, duk da wannan suke ci. Abin da ya ƙona mini rai shi ne jirginmu ko tsayawa bai yi ba. Ba wanda ya sauka, ba wanda ya sayi kwakwa ɗaya, ba wanda ya taɓa sarƙar nan. An ɗauki sunan wurin an ƙawata talla da shi, an ƙara farashin kujera, an wuce. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Amma laifi tudu ne. Mu Hausawan Legas fa? Muna cika motoci zuwa biki a Sagamu da Ibadan, muna tara kuɗin gasar ƙwallo, amma makarantun Islamiyya nawa ne a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago suka taɓa kai ɗalibai Badagry? Yaranmu nawa suka san cewa rundunar da wani jami'in Ingila mai suna Glover ya kafa a nan Ikko a 1863, wadda sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta, da Hausawan da suka kuɓuce wa bauta aka fara ta? Kuma dole mu faɗa wa kanmu mai ɗacin: Bature bai je Katsina ko Zazzau ya kamo kowa ba. Hannun namu ne ya fara miƙa su. Wataƙila shi ya sa muka fi son yin shiru.

Na yi magana da limamin masallacinmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina son mu kai yaran Islamiyya." Ya ce in nemo mota, shi zai riƙe addu'a. Mun tsayar da Asabar ta farko bayan ƙaramar sallah, bas biyu, tashi bayan asuba daga Agege. Abincin rana a wuyana yake, dambun nama da gurasa da zoɓo, kuma a cikin garin Badagry za mu ci, ba a tsibirin ba. Mai son ɗansa ya je ya same ni a tukuba bayan magariba, ya zo da sunan yaro da shekarunsa, saboda sai mun san adadin rigunan kariya da za mu nema kafin a shiga kwale-kwale.