Salula ta kashe mana gardama, amma ba ta san Langa-Langa ba

Jiya da dare a fadarmu ta Zango, ko shayi na biyu ba a sauke ba gardama ta kaure: wa ya fi kowa cin ƙwallo a gasa guda ta kofin Afirka? Wannan ya ce Eto'o, wancan ya rantse Drogba ne. Autan fada, wanda aikinsa fifita gawayi, ya zaro salula. Kafin kumfa ta kwanta ya ce Ndaye Mulamba ne na Zayar, ƙwallo 9 a 1974. Eto'o yana da 18, amma tara su ya yi a gasa daban-daban. Kowa ya yi tsit. Da a da ne, sai mu yi sati muna ja, har da masu ƙaurace wa fada.

Mutane na zaton wayar ce mai basira. Ina! Akwai kamfanoni irin su Opta da ke biyan ma'aikata su zauna gaban allo, duk ƙwallon da aka miƙa, duk bugun da ya yi waje, su rubuta da minti da sunan ɗan wasa. Tsofaffin wasanni kuwa masu sha'awa ne suka bi jaridu suna kwafewa. Salularka 'yar aike ce kawai, rumbu take zuwa ta ɗebo, in rezo ya yarda.

Kuma kada wani ya raina lissafin nan, shi ya kai Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu Nijar, kofin Afirka na 2012. Ranar ƙarshe ta wasannin neman gurbi Masar ta zuba mana 3 da nema, 'yan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saraliyo suka hau rawa a fili, wai sun wuce. Ashe mu uku maki 9 ne kowa, doka kuma ta ce a duba wasannin da muka yi tsakaninmu: mu 6, su biyar-biyar. Har yau in na tuna rawar nan sai na yi dariya.

To ga abin da ke ci mini rai. Na ce wa auta ya nemo mana kokawa. Ya samo cewa an fara gasar takobi, wato gasar kokawa ta ƙasa, a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Madalla. Na ce to Langa-Langa, wanda filin kokawarmu na Damagaram ke ɗauke da sunansa, mutum nawa ya kayar? Da wane kamu? Minti nawa? Yaro ya yi ta shafa waya har gawayi ya mutu. Amma a ce Hakan Şükür, ɗan ƙwallon Turkiyya, nan take za ta gaya maka ya ci Koriya ta Kudu cikin daƙiƙa 11 a kofin duniya na 2002, kamar maƙwabcinmu ne.

Namu rumbun yana cikin kan tsofaffi, da bakin makaɗa, da kasakasan rediyo. Tsohon direban da ke kwana a rumfar kusa da mu ya ji muna magana, ya jawo kujera ya fara: yadda ake cika fili tun hantsi, yadda ɗan kokawa ke shigowa da layu har wuya, wanda ya faɗi da wanda ya ƙi yarda ya faɗi. Mai gadi ya tsoma baki ya ce, “Alhaji, ba wannan shekarar ba ce.” Suka kama.

Na ce wa auta, kai, bar gawayin nan, danna wajen ɗaukar murya. “Baba, don Allah a komo daga farko, a hankali.”