Wai gudun ya-da-ƙanin-wani muka koma ne?

Shekaranjiya da daddare, bayan an fitar da jadawalin watan Nuwamba, wani ɗan'uwa ya kawo shawara a zaurenmu na WhatsApp cewa daga yanzu duk wanda bai cika kilomita 50 a wata ba a cire shi. Kafin in wanke hannu daga cin tuwo mutum goma sha sun ce sun yarda. Na fara rubuta amsa a can, sai na ga za ta yi tsawo, shi ya sa na kawo ta nan. Mai shawarar abokina ne, jibi ma tare za mu fita, don haka kada wani ya ce habaici nake yi.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, mu wasu mutane ne a nan cikin garin Bauchi, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai da 'yan fansho biyu-uku, da muka ɗora wa kanmu gudu. Ranar 1 ga wata kowa zai faɗi abin da ya ɗauka, yawanci kilomita 100. Ana idar da sallar asuba ka ɗaura kambas, ka kunna Strava ko wata manhajar auna gudu a waya, ka kama hanya. Wasu titin Jos suke bi daga shataletalen Gidan Mai, wasu titin Dass su nufi Yelwa, wasu titin Ningi. In ka dawo ka turo hoton taswirarka, mai kula da zauren ya tara. Ba kofi, ba ko sisi. Ladan kawai a ce maka "sannu da ƙoƙari", ko "saura 12 Alhaji, kar ka ba mu kunya".

Kilomita 100 a baki abin tsoro ne. Zagaye ɗaya na filin tsere mita 400 ne, ke nan sai ka zaga sau 250. Wanda ya yi 130 kuwa kamar ya taka daga nan zuwa Jos ne. Amma in ka raba, kilomita shida sau huɗu a mako ya kai ka. Ga wanda jikinsa ya saba. Wannan "ya saba" ɗin ita ce duk maganar, kuma ita ce masu shawarar suka tsallake.

Ni ina da shekara 44 na fara, bayan an auna jinina a asibiti an ce in rage gishiri in riƙa motsa jiki. Ranar farko ban cika kilomita ɗaya ba na riƙe gwiwa ina haki a gaban wani mai shayi. Ya ajiye ludayinsa ya ce, "Alhaji lafiya? Wa ya biyo ka?" Ban ga laifinsa ba. A garin nan magidanci mai teɓa ba ya gudu sai in ta kai ga ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wallahi kunyar ta fi hakin wahalar da ni. A wannan watan kilomita 14 na yi, ni ne na biyu daga ƙasa. Da akwai dokar 50 a lokacin, da yanzu ina gida ina haɗiyar magani ina kallon hotunanku.

Kuma ni ganau ne a kan abin da lamba take sa mutum. Bara cikin hunturu, ranar 26 ga wata ina kan 68. Na duba jadawali na ga yaron da na girme wa da shekara ashirin ya wuce ni, sai zuciya ta ɗebe ni. Kwana huɗu a jere ina yin takwas-takwas a kan kwalta, da takalmin gwanjon da ƙasansa ya riga ya cinye, ƙura na shiga maƙogwaro. Na cika 100 ɗin, an yi ta turo min tafi. Washegari da na sauko daga gado, ƙwaurina na hagu kamar an soka ƙusa. A zaune na yi sallar asuba. Mako shida ban fita ba, uwargida tana shafa min man zafi tana cewa, "To gwarzo, ina kofin?" Numfashi yakan saba da gudu kafin ƙashi da agara su saba, shi ya sa za ka ji kana da sauran ƙarfi alhali ƙafa ta gama faɗa maka gaskiya.

A cikin makonnin nan shida sifili ne a gaban sunana. Abin da ya dawo da ni saƙo ne daga dattijon zauren, wani malamin firamare mai ritaya da duk muke ce wa Baba. Ya rubuto: "Ɗana, kwana biyu ba mu ga taswirarka ba. In ƙafar ce, fito mu taka a hankali, ni ma ba sauri nake ba." Baba bai taɓa wuce 35 a wata ba. A dokar da ake son kafawa, shi za a fara sallama.

Kada mu manta da abin da ya faru watan Agusta. Wani bawan Allah ya turo kilomita tara, a ciki akwai guda uku da ya yi kowanne a minti biyu da 'yan daƙiƙu. Eliud Kipchoge, shahararren ɗan tseren nan na Kenya, ranar da ya gama kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, kusan minti biyu da daƙiƙa 50 yake cin kowace kilomita. Namu na Bauchi ya fi shi. Da aka matsa, sai ya ce ya gaji ne ya hau Keke Napep ya "manta" bai kashe manhajar ba. An yi dariya an wuce. To wannan fa babu hukuncin kora ke nan. Ranar da aka ce 49 kora ce, ku shirya ganin Kipchoge goma duk ƙarshen wata.

Sai maganar da ta fi damuna, wato mata. Su bakwai ne a zauren. Biyu suna fita cikin rukuni da hijabinsu ranar Asabar, sauran ba su da wannan damar, ko don gida ko don bakin mutane. Akwai wata Hajiya da a tsakar gidanta take yi, tsakanin sallar asuba da ɗora ruwan kunun yara. In ta turo taswirarta sai ka ga kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi, layi a kan layi a wuri ɗaya. Daga bakin rijiya zuwa ƙofar kicin, ta juyo, ta sake juyowa, har kilomita biyu. Ku gwada yin haka na minti goma ku ga ko kanku ba zai juya ba. Watan jiya 31 ta yi, ranakun fitarta 19. Ni da na yi 84 ranakuna 13 ne. Tsakani da Allah wa ya fi wani riƙe alkawari? Ga masu cewa gudu ba na mata ba ne kuwa, ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu.

Ita kanta 50 ɗin daga ina aka samo ta? Hukumar Lafiya ta Duniya abin da ta ce wa baligi shi ne aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 na mai ƙarfi. Mai sassarfa da yake cin kilomita a minti takwas, in ya yi minti 75 a mako, wajen 40 zai tashi da ita a wata. Wato mutum zai cika abin da likitoci suka nema, mu kuma mu ce bai isa zama da mu ba. In da tseren Legas da ake yi tun 2016 muke shirin zuwa, mu kara da gwanayen gudu 'yan Pankshin ta Jihar Filato, da sai in ce a tace. Amma yawancinmu hawan jini da suga muke gudu, ba wani ba.

Ban ce masu shawarar ba su da hujja ba. Mun haura mutum 80, masu turo gudu ba su kai rabi ba. Wasu sun mai da zauren kasuwa, yau atamfa, gobe fili a bayan gari, jibi bidiyon siyasa. Mai kula da zauren da hannu yake tara lissafin nan, ba a biyansa, datarsa yake ƙonawa. In an ce a cire mai talla, ni ne na farkon sa hannu. In mutum ya yi wata uku bai turo ko taku ɗaya ba, a kira shi a waya tukuna, don wataƙila jinya yake. Sannan a ƙara layi ɗaya a jadawalin, na yawan ranakun da mutum ya fita, a ajiye shi gefen kilomita. Na ɗauki nauyin tara wannan layin, don kada a ce na ƙara wa wani aiki.

Bahaushe da ya ga dogon tsere sai ya raɗa masa gudun ya-da-ƙanin-wani. Na wani fa ya ce. Waɗanda ake son yarwa a nan namu ne.

Wannan watan 60 na rubuta, ƙwaurin ya fara yi min magana kuma na koyi saurarensa. Ranar Asabar muna bakin filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa ƙarfe shida. Masu sauri su yi gaba, ni da Baba muna baya, duk wanda bai taɓa fita ba ya zo ya same mu a nan. Masar bayan gudu kuma mai shawarar 50 ne zai biya, tun ta watan Oktoba muke bin sa.