An Ƙara Guraben Karatun Jinya, Amma 'Yar Ƙauye Tana Bakin Ƙofa

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar a 2024 cewa ta ɗaga yawan ɗaliban da makarantun jinya da sauran makarantun horar da ma'aikatan lafiya za su riƙa ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, ake ta nanata waɗannan alƙaluma a taruka da gidajen rediyo kamar an gama da matsalar. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a tambayar su wa ke cike guraben, kuma ina za su yi aiki in sun gama.

Kowa ya san abin da ya jawo ƙarin. A watan Fabrairun 2024, magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, wato NMCN, Dakta Faruk Umar Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Hukumar ta fito da sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance masa takardun fita waje, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Daga nan duk muhawarar ta koma kan masu tafiya Birtaniya da Amurka da Saudiyya. Matar da ke naƙuda a ƙauyen Zamfara ko Yobe ba ta rasa nas saboda an tafi Ingila ba. Ƙauyenta bai taɓa samun nas ba tun asali, kuma ƙarin gurbi a birni ba zai kai mata ko ɗaya ba muddin ƙofar shiga tana yadda take.

A duba ƙofar. Ana son kiredit biyar a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Yanzu da aka mayar da tsofaffin makarantun jinya kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma a ƙarƙashin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE, sai ɗaliba ta bi ta JAMB, ta zauna gaban kwamfuta a cibiyar da galibi ke birni, sannan ta fuskanci tantancewar kwalejin kanta. Yarinyar da ta yi sakandaren gwamnati a ƙauye, inda malamin fiziks ɗaya ke riƙe da aji uku in ma akwai shi, inda ɗakin gwaje-gwaje ya zama ɗakin ajiyar karyayyun kujeru, ta faɗi tun kafin ta sayi fom. Ba don ba ta da ƙwaƙwalwa ba. Ba a koya mata abin da za a tambaye ta ba ne.

Waɗanda ke tsallakewa yawanci 'ya'yan birni ne da suka yi makarantun kuɗi. Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Amma yarinyar da aka haifa a Kano ko Kaduna, in aka tura ta asibitin sha-ka-tafi inda babu wuta, babu ruwa, babu gidan kwana, ga fargabar 'yan bindiga, cikin wata uku iyayenta za su nema mata canjin wurin aiki, kuma za su samu. Wadda za ta zauna ita ce wadda gidan ubanta ko na mijinta ke garin.

Hanyar samar da irin wannan ma'aikaciyar tana nan. Hukumar NMCN ce da kanta ta amince da karatun jinyar al'umma da ungozomancin al'umma na shekara biyu, inda ƙaramar hukuma ke turo 'yarta, a horar da ita, a ba ta lasisi, ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Amma akwai wasu manya a cikin sana'ar da ke yi wa wannan karatu kallon raini. Cewa suke yi ana zubar da darajar aikin jinya, duniya ta wuce nan, kowa ya yi digiri ko babbar difloma, wai ba a son “rabin nas”. Wannan ra'ayi nake ƙi, kuma ina ƙin sa da gaske, domin masu shi suna magana kamar zaɓin ƙauye tsakanin mai digiri ne da mai lasisin shekara biyu. Ba haka ba ne. Inda babu mai lasisi, mai kemis ne ke ɗaura ƙarin ruwa, kuma yarinyar da aka koya wa allura a wani asibiti mai zaman kansa ce ke karɓar haihuwa.

Wannan harkar ta koyar da jinya a bayan fage ta zama kasuwa. Iyaye su biya kuɗi, yarinya ta sa farin kaya, ta yi shekara biyu tana shara da wanke kayan aiki da kallon yadda ake yi, a ƙarshe a ba ta takardar da hukumar NMCN ba ta san da ita ba. Ba a koya mata inda jijiya ta bi a ɗuwawu ba, sai ta soka allura yaro ya wayi gari yana jan ƙafa. Ba a koya mata haɗarin allurar naƙuda ba, sai ta yi wa mai ciki ita don a gaggauta haihuwa, mahaifa ta fashe. Ba ta san cewa ciwon kai da kumburin ƙafa da hawan jini ga mai ciki alamun jijjiga ba ne. Masu kare darajar sana'a suna yawan yin tir da waɗannan 'yan mata, amma su ne ke son a toshe hanya ɗaya tilo ta halal da yarinya irinsu za ta iya bi. Ba a hana mutum ruwan rijiya sannan a zarge shi da shan na kududdufi.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari na haihuwa ne kawai ƙwararren ma'aikaci ke karɓa a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Binciken ya ƙiyasta mutuwar mata 512 a cikin kowace haihuwa 100,000. Wanda ya ga wannan ya ce damuwarsa ita ce kada a kira mai shekara biyu da sunan nas, ya sake duba abin da ya kawo shi aikin jinya.

Kuma an gwada, an ga yana yiwuwa. Shirin Women for Health da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe ya ɗauko 'yan mata da matan aure daga ƙauyuka, ya ba su karatun share fage don su gyara kiredit ɗinsu na kimiyya kafin su shiga makarantun lafiya. Jama'ar gari ne ke zaɓo su, an yi magana da iyaye da mazaje da masu unguwanni, an tanadi wurin renon jarirai ga masu goyo. Ba a sassauta jarrabawa ba, an dai kai yarinya inda za ta iya cin ta. Tallafin ya ƙare a 2020, nauyin ya dawo kan jihohi, kuma abin kunya ne a ce sai baƙo ne zai tuna mana cewa matar aure mai goyo tana iya zama ungozoma.

Masu cewa ai akwai jami'an lafiya na matakin farko, su wadatar, sun san cewa aikin waɗancan daban ne kuma ya riga ya yi musu yawa.

Sai kuma alfarma, wadda ke cinye ɗan abin da ya rage. Gurbin da aka ware wa ƙaramar hukuma yakan faɗa hannun 'yar wani babba da ke zaune a babban birnin jiha, wadda abin da ya haɗa ta da ƙauyen takardar shaidar asali ce kawai. Wadda ta kutsa da ƙyar ta gama kuma sai ta shekara biyu ko uku tana aikin sa kai ba albashi, tana jiran gwamna ya buɗe ɗaukar ma'aikata. Wannan cin amana ne, ga yarinyar da kuma ga garin da ya tura ta.

Gwamnonin Arewa su daina tafa wa alƙaluman Abuja, su dawo da karatun share fage a kowace kwalejin jinya da kuɗin jiha. A ware wa kowace mazaɓa gurbinta, a liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka a ƙofar sakatariya da fadar hakimi don jama'a su ga ko 'yarsu ce. Wadda ta gama a ba ta takardar aiki tare da lasisinta, in ta yi wa garinta 'yan shekaru a buɗe mata hanyar komawa makaranta ta zama cikakkiyar nas ba tare da ta fara daga tushe ba. Asibitocin da ke sayar da takardun bogi kuwa, ma'aikatun lafiya na jihohi sun san inda suke, su ne ke sabunta musu rajista.