Yau Nawa ga Wata?

Jiya bayan sallar La'asar wani dattijo ya juyo ya tambaye mu, "Malamai, yau nawa ga wata?" Nan take mu huɗu muka ba shi kwanan watan Miladiyya. Ya girgiza kai ya ce watan Musulunci yake nufi, domin yana son ya yi azumin ranakun 13, 14 da 15. Wallahi babu wanda ya iya ba shi amsa, har da ni, sai da muka duba waya, kuma har yanzu kunyar abin ba ta sake ni ba.

'Yan uwa, kalandar nan da muka haddace tana da asalinta. Yuliyas Kaisar na Rum ne ya tsara ta bisa tafiyar rana, kwana 365 da ƙarin kwana ɗaya duk shekara huɗu, kuma sunansa ne a kan watan Yuli, kamar yadda Agusta ke ɗauke da sunan magajinsa. Janairu da Maris kuwa daga sunayen gumakan Rumawa aka samo su. Lissafin nasa ya zarce shekarar rana da kimanin minti 11, kuskuren ya yi ta taruwa har ya kai kwana goma, sai Fafaroma Giregori na 13 ya gyara a 1582, mutane suka kwana Alhamis 4 ga Oktoba suka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Ingila ba ta bi ba sai 1752, daga baya Turawan mulkin mallaka suka kawo mana ita ofis da makaranta.

A karɓi albashi da ita, a sa ranar jarrabawa, wannan ba laifi ba ne. Amma ibadarmu a kan jinjirin wata take, da lissafin Hijira wanda Sayyidina Umar ya kafa. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka ɗan kasuwar da ke fitar da zakka duk Disamba yana jinkirta haƙƙin talaka da wajen kwana 11 kowace shekara, cikin kimanin shekara 33 kuma zakkar shekara guda ta salwanta. Rajab yakan shigo ya fita ba mu sani ba, alhali kakanninmu har sun raɗa masa suna, watan azumin tsofaffi. Ba mu sauraron sanarwar Sarkin Musulmi sai an zo azumi da sallah.

Don Allah, ɗan uwa, kafin ka kwanta yau ka duba nawa ga wata, gobe da asuba kuma ka faɗa wa 'ya'yanka.