Wayarka a hannun jami'in iyaka: sirrin wa za a karanta?

A watan Agustan 2019 wani matashi Bafalasɗine mai shekara 17, Ismail Ajjawi, ya sauka a filin jirgin saman Boston da biza a hannu, zai fara karatu a jami'ar Harvard. Jami'an iyakar Amurka suka karɓi wayarsa da kwamfutarsa, suka yi sa'o'i suna tonawa, daga ƙarshe aka soke bizar aka mayar da shi Labanon. A cewarsa, abin da aka titsiye shi a kai rubuce-rubucen abokansa ne a shafukan sada zumunta, shi bai rubuta komai ba. Sai da maganar ta yi ƙamari a jaridu sannan aka bar shi ya dawo a farkon Satumba. Shi ke nan fa wanda Harvard ta tsaya wa. Ina ga ɗalibin da ya taso daga Kano ko Maraɗi, ba shi da mai yi masa magana?

Mutane da yawa ba su san cewa dokar da ke kare waya a cikin gari ba ta kai bakin iyaka ba. A 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta ce ɗan sanda ba zai binciki wayar wanda ya kama ba sai da takardar izinin kotu, amma jami'in iyaka yana iya latsa wayar matafiyi ba tare da wannan takarda ba. Alƙaluman hukumar kwastan da tsaron iyakar ƙasar sun nuna an binciki na'urori kusan 47,000 a shekarar kasafi ta 2024, alhali a 2015 ba su kai 9,000 ba. New Zealand kuwa tun 2018 ta sa tarar da ke kaiwa dalar ƙasar 5,000 ga wanda ya ƙi buɗe na'urarsa.

Za a ce ai adadin ƙanƙani ne cikin matafiya fiye da miliyan 400, kuma kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta. Gaskiya ne duka. Za a kuma ce mara gaskiya ko a ruwa gumi yake, wanda ba shi da abin ɓoyewa me zai tsorata? Nan ne ban yarda ba, domin wayar Bahaushe ba shi kaɗai ke zuba mata kaya ba. Yana cikin guruf ɗin dangi, da na tsoffin ɗalibai, da na masallacin unguwa, da na 'yan layi a kasuwa, da wanda bai ma san ranar da aka jefa shi ciki ba. WhatsApp kuma, in ba ka hana shi ba, sauke hotuna yake da kansa ya jera su cikin hotunanka. Bidiyon 'yan bindiga suna baje makamai, hoton gawarwaki bayan hari, wa'azi mai zafi da wani ya turo da asuba, duk suna kwance a wayar mutumin da bai taɓa buɗe su ba. Jami'in da ba ya jin Hausa, bai san Zamfara ba, abin da idonsa ya gani da shi zai yi hukunci, kuma cikin mintoci.

Sannan akwai amanar mutane. Likita yana ɗauke da sakamakon gwajin marasa lafiya, ɗan jarida yana ɗauke da lambar wanda ya tsegunta masa labari, magidanci yana ɗauke da hotunan iyalinsa da ba a ɗauka don idon baƙo ba. Muhammad Rabbani na CAGE, wata ƙungiyar fafutukar kare haƙƙi a Birtaniya, ya ƙi ba da lambobin sirrinsa a filin jirgin Heathrow a 2016, yana cewa na'urorinsa na ɗauke da bayanan wani da ya ce an azabtar da shi. Kotu a Landan ta same shi da laifi a 2017 ƙarƙashin dokar yaƙi da ta'addanci ta 2000. Shi ɗan ƙasa ne, ya sha hukunci ya koma gida. Mai biza ba shi da wannan gatan. In ya ƙi, jirgi na gaba za a nuna masa.

Don haka a ganina duk wata jarumta a gaban kantar jami'in iyaka ɓata lokaci ce. Aikin a gida ake yinsa, kwanaki kafin tafiya. Abin da ba ka ɗauko ba babu mai iya gani. Ka kwashe hotuna da takardu ka adana a kwamfutar gida, ka fice daga guruf ɗin da ba ka da iko da abin da ake turowa, ka kashe saukewar kai tsaye. Mai hali ya sayi 'yar waya ta tafiya, ya sa mata abin da tafiyar ke buƙata kawai. Amma kada ta zama wayam kamar yau aka ɓare ta daga kwali, wannan ma tambaya yake jawowa.

Gogewa kuma ba a yin ta da ka. A iPhone hoton da ka goge yana zama kwana 30 a wani kwandon kafin ya tafi. A Maris ɗin 2025 an mayar da Dakta Rasha Alawieh, likitar ƙoda a jami'ar Brown, daga Boston zuwa Labanon, kuma lauyoyin gwamnati sun ce a cikin hotunan da ta goge aka ga na shugabannin Hizbullah. Ko me mutum zai ce game da shari'arta, ta nuna inda jami'ai ke fara leƙawa.

Kafin ka shiga layin fasfo ka kashe wayar gaba ɗaya, domin wayar da ba a buɗe ba tun bayan kunnawa ta fi wuyar fasawa da na'ura, kuma ba ta karɓar yatsa ko fuska sai lambar sirri. Adireshin masauki da tikitin dawowa ka buga su a takarda. Sau da yawa matafiyi da hannunsa yake miƙa waya a buɗe don ya nuna takardar otal. Kuma kada ka yi ƙarya. Tun 2019 mai neman bizar Amurka yana rubuta sunayen shafukansa na shekara biyar, ɓoye ɗaya ya isa a hana shi, ko da babu komai a cikinsa.

Abin da 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Guangzhou suka fi mantawa shi ne layi. A Najeriya layin waya shi ne makullin asusu, ta nan banki ke turo lambar tabbatar da biyan kuɗi. In aka riƙe wayar don ƙarin bincike, a Amurka ana iya yin kwanaki ko makonni, mai ita ya rasa hanyar taɓa kuɗinsa a ƙasar da ba shi da kowa. Cire layin ka sa a jakar fasfo, ka riƙe ɗan tsabar kuɗi, ka rubuta lambar mai masaukinka da ta mutum ɗaya a gida da biro, tunda yawancinmu yanzu ko lambar matanmu ba mu haddace ba.